Tsakuwar ƙoda: a bar nono da madara, ko a rage gishiri da nama?

Wanda tsakuwar ƙoda ta taɓa murɗa wa kwiɓi ba ya bukatar dogon bayani kan amfanin rigakafi, domin ciwon da ke tasowa daga ƙasan haƙarƙari ta baya ya gangaro mara, ya hana zama ya hana kwanciya, ya isa ya sa mutum ya karɓi duk shawarar da aka miƙo masa. Inda gizo ke saƙar shi ne shawarar da ake bayarwa iri biyu ce, kuma ɗaya tana rushe ɗaya. Wani ƙanin mahaifina, magini da ke yini a kan bulo cikin rana, ya fitar da tasa tsakuwar a watan Afrilu bayan kwana biyu yana murƙususu. Ba ta wuce ƙwayar dawa ba, launinta ƙasa-ƙasa mai duhu, jikinta duk tsini kamar ƙarangiya, ya kuwa naɗe ta a takarda ya cusa a aljihu. Mako bai zagayo ba wani ma'aikacin lafiya ya ce masa tun da kalsiyam ne ke haɗa tsakuwa, sai ya yi sallama da fura da nono, da kindirmo, da madarar shayi. Wani kuma ya ce masa ya ci gaba da shan nononsa, abin da zai sassauta shi ne gishiri da dunƙule da tsire. Da ya kawo mini maganar, abin da na fara ce masa shi ne, "Baffa, don Allah kada a yar da takardar nan," domin amsar tana jikin tsakuwar da kuma fitsarin da ya haife ta.

Tsakuwar ƙoda ba ita ce tsakuwar da aka tauna a shinkafa ko wake ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Abin da aka haɗiye hanji yake bi ya fita ta bayan gida, babu hanyar da za ta kai shi ƙoda. Ita wannan a cikin fitsari take haɗuwa, kamar yadda gishiri ke haɗuwa a ramukan Bilma, inda ake barin ruwan zartsi a rana yana ƙafewa har abin da ruwan ya kasa riƙewa ya daskare. Ƙoda tana tace jini tana zubar da sinadarai cikin ruwa, kowane ruwa kuwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsakuwoyin ƙoda na kalsiyam ne, mafi yawansu kalsiyam da ya haɗu da wani sinadari mai suna okzalet. Kusan kashi 10 na yurik asid ne. Ragowar kuma na ƙwayoyin cutar da ke kama hanyar fitsari ne, da wani nau'i na gado da ba a cika gani ba. Fitsarin lafiyayyen mutum ma yakan ɗauki kalsiyam da okzalet fiye da abin da ruwa zalla zai narkar, amma ba ya yin tsakuwa saboda akwai masu shiga tsakani. Babbansu shi ne sitiret, wanda ke kama kalsiyam ya riƙe shi a narke, ya kuma hana ƙananan ƙwayoyin da suka fara daskarewa manne wa juna. Magniziyam da wasu furotin da ƙodar ke fitarwa suna taya shi wannan aiki.

Saboda haka abubuwa biyar likita ke dubawa a fitsarin da mutum ya tara cikin awa 24: yawan ruwansa, da kalsiyam, da okzalet, da sitiret, da kuma tsaminsa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH, da lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Ana cewa kalsiyam ya yi yawa idan ya haura miligiram 300 a yini ga namiji ko 250 ga mace, okzalet idan ya wuce 40 zuwa 45, sitiret kuma ya yi ƙaranci idan ya gaza 320. Wani likitan Amurka, Alexander Randall, ya nuna a 1937 cewa tsakuwoyin kalsiyam da yawa suna tsirowa ne a kan wani farin tabo na kalsiyam fosfet da ke manne a daidai inda fitsari ke ɗigowa cikin ƙoda, sannan okzalet ya riƙa hawa kansa sannu a hankali. Shi ya sa wanda ya fitar da tsakuwa ɗaya ba a rabu da Bukar ba, domin gurbin da ta tsiro yana nan yana jiran fitsarin da zai sake ciyar da shi.

Shawarar barin nono da madara tana da hujja mai sauƙin kamawa, kuma shekaru da yawa ita likitoci ke bayarwa: tsakuwar ta kalsiyam ce, fitsarin ya cika da kalsiyam, to a toshe inda yake shigowa. Gaskiya ne kuma idan mutum ya rage kalsiyam a abinci, wanda ke fita a fitsarinsa yana raguwa. Kuskuren yana cikin hanji ne, ba a ƙoda ba. Idan mutum ya ci miyar alayyafo ya bi ta da kindirmo, kalsiyam ɗin kindirmon yana haɗuwa da okzalet ɗin alayyafon tun a hanji, su zama wani abu da ba ya narkewa, jini bai iya tsotsarsa, ya fita ta bayan gida. Wato tsakuwar da za ta haɗu a ƙoda ta riga ta haɗu a inda ba ta cutarwa. Idan aka janye kindirmon, okzalet ya rasa mai riƙe shi, sai ya shiga jini, jini kuma ba shi da inda zai kai shi sai ƙoda. Tun da okzalet ɗin fitsari kaɗan ne asali, ƙarin miligiram 5 ko 10 a kan 40 ba ƙaramin sauyi ba ne. Akwai kuma asara ta biyu: mafi yawan masu zubar da kalsiyam a fitsari ba sa daina zubarwa gaba ɗaya don an hana su madara, sai jiki ya koma ɗiba daga ƙashi, mutum ya wayi gari bayan shekaru ƙashinsa ya yi rauni.

Wanda ya fara girgiza tsohuwar shawarar sosai shi ne binciken Gary Curhan da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard, wanda aka buga a 1993. Sun bi maza fiye da 45,000 har shekara 4, suka tarar waɗanda suka fi cin kalsiyam a abinci sun fi tsira daga tsakuwa, haɗarinsu ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada da waɗanda suka fi ƙarancin ci. Sai dai irin wannan bincike kallo ne kawai, ba gwaji ba, don haka bai isa ya rufe gardama ba.

Ita kuwa shawara ta biyu daga ƙodar take kamo lamarin. A cikin ƙananan bututun ƙoda, sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, da kalsiyam tafiyarsu ɗaya ce: duk lokacin da ƙoda ta tashi zubar da rarar gishirin da aka ci, sai ta haɗa da kalsiyam. Ƙarin gishiri giram 6 a yini, wato cikin ƙaramin cokalin shayi, yakan ƙara kalsiyam ɗin fitsari da miligiram 25 zuwa 40, a jikin masu yin tsakuwa ma yakan fi haka. Nama kuma ta fuska huɗu yake shigowa. Furotin ɗin dabba yana barin tsami a jini bayan jiki ya sarrafa shi, wannan tsamin yana ƙara kalsiyam a fitsari, yana sa ƙoda ta riƙe sitiret maimakon ta sake shi, yana saukar da pH, sannan nama da kayan ciki, musamman hanta da ƙoda da wasu kifaye, suna ƙara yurik asid. Wanda ya zauna gaban mai tsire da dare ya ci na kirki da yaji mai gishiri, ya kwanta bai sha ruwa sosai ba, ya ƙara abin da ke daskarewa, ya rage mai hana daskarewar, ya kuma rage ruwan da zai narkar, duk a zama ɗaya.

An gwada hanyoyin biyu gaba da gaba a birnin Parma na Italiya, inda Loris Borghi da abokan aikinsa suka ɗauki maza 120 da suka sha yin tsakuwar kalsiyam okzalet, masu yawan kalsiyam a fitsari, suka raba su gida biyu suka bi su shekara 5. Gida na farko aka rage musu kalsiyam zuwa miligiram 400 a yini. Gida na biyu aka bar musu miligiram 1,200, amma aka taƙaita musu furotin ɗin dabba zuwa giram 52, gishiri kuma zuwa kusan giram 3. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna tsakuwa ta dawo wa mutum 23 cikin 60 a gida na farko, a gida na biyu kuwa 12 cikin 60. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da aka gani a fitsarin nasu: kalsiyam ya sauka kusan daidai a duka gidajen, da kimanin miligiram 170 a yini, amma okzalet ya hau da kusan miligiram 5 ga waɗanda aka hana madara, ya sauka da kusan 7 ga waɗanda aka rage wa gishiri da nama. Rage gishiri da nama ya yi aikin da ake nema daga barin madara, ba tare da ya buɗe wa okzalet ƙofa ba. Ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Amurka a ƙa'idojinta na 2014 wannan ta bi: kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 daga abinci, sodiyam kada ya wuce miligiram 2,300, wanda ya zo daidai da gishiri kusan giram 6.

Adalci ne a faɗi cewa gwajin Parma maza kawai ya ƙunsa, kuma an haɗa rage gishiri da rage nama a lokaci guda, don haka bai bambance rabon kowanne ba. Amma idan aka kawo maganar ƙasar Hausa, hujjar barin madara sai ta ƙara raunana. Mutumin Italiya da aka ce ya rage kalsiyam yana da cuku da madara da yawa da zai rage. Mu kuwa abincinmu tuwo ne da shinkafa da rogo da doya, waɗanda kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya tarar yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda laushin ƙashi abin da suke samu kusan miligiram 200 ne kawai a yini, kuma kalsiyam ne ya gyara su. Yara ne aka auna, amma daga tukunyar gidan suke ci. Magidancin da duk abin da yake samu ƙwaryar fura da nono ce da rana da cokalin madara a shayin safe, idan aka ce ya bari, an raba shi da ɗan abin da ke kama masa okzalet ne, alhali gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi da kuɓewa da alayyafo da dankalin Hausa da awara, waɗanda duk suna da okzalet, suna nan a gabansa kullum.

Ta fuskar wahala kuwa, a nan ne hanya ta farko ke rinjaye, kuma ina jin shi ya sa ta ƙi mutuwa. Barin nono shawara ce ta mutum ɗaya: ya wuce mai fura bai tsaya ba, shi ke nan, har kuɗinsa ya ragu. Rage gishiri shawara ce ta gida gaba ɗaya, domin tukunya ɗaya ake dafawa. Na tsaya a kan matar Baffa tana haɗa miyar kuka ta mutum takwas: ta marmasa dunƙule shida, ta ƙara gishiri da tafin hannu, ta jefa busasshen kifi, sannan ga yaji a gefe wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne, ita kuwa ba ta lissafa shi a gishiri, a wurinta ɗanɗano ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 a yini take so ga kowane baligi, mai tsakuwa da marar ita, saboda hawan jini, don haka gidan bai yi asarar komai ba idan ya bi mai tsakuwar. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a rage a hankali cikin makonni, a zaɓi ɗaya tsakanin gishiri da dunƙule a maimakon haɗa su, a ƙara albasa da citta da tafarnuwa da daddawar da ba a cuɗa ta da gishiri ba, a kuma rage taliyar leda da garin ɗanɗanonta, da kifin gwangwani, da kilishi. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Nama kuwa ya danganta da aljihu: wanda sai ranar kasuwa yake ganin tsoka ɗaya a miya ba shi ake nufi ba, ana nufin mai tsire ko balangu kowane dare, da kowa da kowa a makon layya.

Wanda ya zaɓi hanya ta biyu sai ya lura da lokacin shan nonon, domin amfaninsa yana cikin haɗuwarsa da abinci a hanji. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, mililita 250, yana da kalsiyam kusan miligiram 300, nonon da aka tsinka da ruwa kuwa bai kai haka ba. Kofi biyu ko uku a yini, kowanne tare da abinci ko nan take bayansa, sun fi kofi uku da aka shanye a tsakar dare ciki babu komai. Ƙwayar kalsiyam ta kantin magani hukuncinta daban: a babban gwajin da aka yi kan mata fiye da 36,000 a Amurka, wanda aka buga a 2006, waɗanda aka ba kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D sun fi yin tsakuwa da kashi 17 cikin 100. Haka ƙwayar bitamin C mai miligiram 1,000 da ake sha don mura, jiki yana mayar da wani ɓangarenta okzalet, kuma an danganta ta da ƙarin tsakuwa ga maza. Ganyen da ke da okzalet ba sai an haramta shi ba. Tafasa alayyafo a zubar da ruwan farko yana rage shi. Shayi ma, duk da sunan da ya yi, manyan binciken da suka bi dubban mutane ba su same shi yana ƙara tsakuwa ba, lemon kwalba mai sukari ne suka samu da laifi.

Duk wannan gardama a kan ruwa take tsaye, kuma babu hanyar da za ta yi aiki in babu shi. Shi dai Borghi ya buga wani gwaji a 1996 kan mutum 199 da suka yi tsakuwar farko: waɗanda aka sa su sha ruwa har fitsarinsu ya wuce lita 2 a yini, 12 cikin 99 tsakuwa ta dawo wa cikin shekara 5, waɗanda aka bari yadda suke kuwa 27 cikin 100. Abin da ake aunawa shi ne fitsarin da ya fita, ba ruwan da aka sha ba, kuma abin nema lita biyu da rabi ne. Ledar fiya wata rabin lita ce, shida ke nan sun ba da lita 3, wanda zai iya isar ma'aikacin ofis. Magini ko ɗan acaɓa ko manomi a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi zai kwashe mafi yawan wannan kafin ya isa ƙoda, saboda haka sai ya ƙara har ya ga fitsarinsa ya yi fari-fari. Da dare fitsari ya fi kauri, don haka kofi kafin kwanciya yana da muhimmanci ko da zai tashe shi sau ɗaya. Mai azumi kuma ya raba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya tara shi a zama ɗaya.

Akwai kuma wanda duka shawarwarin biyu ba su taɓa ainihin matsalarsa ba, shi ne mai tsakuwar yurik asid. Ita wannan tsamin fitsari ne ke haɗa ta. Idan pH ya tsaya a 5.5 ko ƙasa, yurik asid ba ya narkewa ko da yawansa bai wuce ƙima ba, idan kuwa aka ɗaga shi daga 5 zuwa 6.5, abin da fitsari ke iya narkarwa yana ninkawa kusan sau goma. An fi ganinta ga masu ciwon sukari, da masu ƙiba, da masu daɗaɗɗen gudawa, kuma ba ta fitowa a hoton eksire na yau da kullum, sai a sikanin. Ita ce tsakuwar da ake iya narkarwa da magani ba tare da tiyata ba. Barin madara ba ya yi mata komai, rage nama yana taimakawa, amma maganinta na ainihi shi ne abin da zai kashe tsamin, kuma a nan wani zaɓin ke tasowa, tsakanin ƙwayar fotasiyam sitiret, da lemun tsami, da kanwa.

Ƙwayar fotasiyam sitiret ita ce mai tabbas, domin tana ɗaga pH tana kuma ƙara sitiret, shi ya sa ake ba da ita ga mai tsakuwar kalsiyam ma idan sitiret ɗinsa ya gaza. Aibinta tsada, da ɓacin ciki, da haɗarin taruwar fotasiyam a jini ga mai raunin ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini irin su lisinofiril, sannan idan aka zarce pH ya haura 7, sai kalsiyam fosfet ya fara daskarewa, an gudu daga wata tsakuwa an faɗa wata. Lemun tsami yana da arha, kuma wani ƙaramin gwaji na mutum 12 a Amurka a 1996 ya nuna ruwansa mililita 120 cikin lita 2 na ruwa ya ninka sitiret ɗin fitsari fiye da sau biyu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da baki ɗaya ba, wanda aka yi a Dallas a 2006 ya tarar ruwan lemun zaƙi yana ɗaga pH, na lemun tsami kuwa bai ɗaga ba, saboda sitiret ɗinsa da nasa tsamin yake zuwa. A ganina lemun tsami ya dace da mai tsakuwar kalsiyam da yake neman abin da zai sa ya sha ruwa da yawa, muddin bai cika shi da sukari ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga mai yurik asid. Kanwa kuwa, wadda wasu ke jiƙawa su sha, gaskiya ne tana kashe tsami, amma galibinta sodiyam kabonet ce, wato tana ɗauke da sodiyam ɗin da ake gudu, ba a san adadin da ke cikin kowane ɓari ba, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ba na ba kowa shawarar ta.

Tsakuwar ƙwayoyin cuta ba ta abinci ba ce sam. Wasu ƙwayoyin, musamman wadda ake kira Furotiyos, suna farfasa yuriya, wani sinadarin da ke cikin fitsari, su mayar da ita amoniya, pH ya haura 7, tsakuwa ta yi girma da sauri har ta cika ƙoda ta yi rassa. An fi ganinta ga mata da waɗanda suka daɗe da robar fitsari, maganinta kuwa a cire ta gaba ɗaya a kashe cutar. Ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi, ko ɗaukewar fitsari, na asibiti ne a wannan daren, ba na jiƙo ba.

Wannan ne dalilin da ya sa na hana Baffa yar da takardarsa. Idan aka kai tsakuwa ɗakin gwaji za a faɗi irinta, daga nan a san ko ana cikin gardamar madara da gishiri ko ba a ciki. Bayan haka sai gwajin fitsarin awa 24, wanda ya fi dacewa a yi shi makonni bayan ciwon ya lafa, mutum yana cin abincinsa na kullum: ya zubar da fitsarin farko na safiya, ya rubuta lokacin, ya tara duk abin da ya biyo baya a jarkar da aka ba shi, dare da rana, har da na farkon safiyar gobe a daidai wannan lokaci. Wanda ya gyara cinsa a ranar gwajin don ya burge likita ya ɓata kuɗinsa. Inda wannan gwajin ya yi tsada ko ya yi nisa, tsinken gwajin fitsari na ƙaramin asibiti yana nuna pH da kaurin fitsari da alamar cuta, kuma a auna kalsiyam na jini ko da sau ɗaya ne, domin idan ya hau, mai yiwuwa wani ƙaramin ƙullutu ne a wuya, faratayirod, ke zuƙo shi daga ƙashi, wanda tiyata ke magancewa ba hana nono ba. Mai raunin ƙoda ko ciwon zuciya kuma kada ya ɗauki maganar lita uku sai da izinin likitansa.

Ga mai tsakuwar kalsiyam okzalet, wanda shi ne mafi yawan masu wannan tambaya, hanya ta biyu nake zaɓa ba tare da shakka ba, rage kalsiyam kuwa sai ga wanda yake haɗa madara mai yawa da ƙwayar kalsiyam da bitamin D har ya wuce miligiram 1,200 nesa, shi ma ƙwayar zai bari ba abincin ba. Cikin wata uku zuwa shida sai a sake gwajin awa 24, kuma sodiyam ɗin da ke cikinsa shi zai faɗi gaskiyar abin da ke shiga tukunya, domin kusan duk gishirin da aka ci ta fitsari yake fita. Idan ya haura milimol 100 (wato miligiram 2,300) sosai, aikin yana madafa tukuna. Idan ya sauko, ruwan ya kai lita biyu da rabi, kalsiyam kuma ya ƙi sauka, a nan likita zai kawo maganar magungunan tayazayid, waɗanda ke sa ƙoda ta riƙe kalsiyam. Su ma an daɗe ana dogara da su, sai wani gwaji a Suwizalan kan mutum 416, wanda aka buga a 2023, ya tarar ɗaya daga cikinsu, haidirokulorotayazayid, bai fi ƙwayar bogi hana dawowar tsakuwa ba cikin kusan shekara 3, don haka wanda aka rubuta wa shi ya nemi a sake auna fitsarinsa bayan ya fara sha, a ga ko kalsiyam ɗin ya sauka, a kuma duba fotasiyam na jininsa.